Yadda Burtu Ya Hau Goshin Maharbi

"Ga ta nan, ga ta nanku, ta taso daga dawa da ƙarangiya a zani!"

"Ta zo mu ji ta."

"Wannan amsa ce ko nishin mara lafiya? Ku buɗe baki. Ga ta nan, ga ta nanku!"

"Ta zo mu ji ta!"

"Yauwa. Wanda ya katse ni, a bakinsa za ta ƙare."

Wai a can cikin dawa akwai wani tafki da namun daji suke shan ruwa. Ɓauna ce shugabar mashayar. Mai gadinsu kuwa Burtu ne. Kun san burtu? Tsuntsu ne ƙato, baƙi ƙirin, mai dogon baki da jan maƙogwaro. Ya fi son tafiya a ƙasa da tashi sama. Ido gare shi, ko tururuwa ta yi tuntuɓe a bayan tsauni sai ya gani.

Kullum da hantsi shi ke fara isa bakin ruwa. Ya duba nan, ya duba can, sannan ya kumbura maƙogwaro ya yi kira. Ku ne dabbobin, ku amsa mini da "Mu sha?"

"Gudum, gudum, na duba gabas!"

"Mu sha?"

"Gudum, gudum, na duba yamma!"

"Mu sha?"

"Ku sha ku ƙoshi, dawa lafiya!"

Sai kowa ya sunkuya. Ladan Burtu kuwa ba kaɗan ba ne. Duk farar da kofato ya tayar, duk kwaɗon da ya firgita, duk ƙadangaren da ya fito a guje, nasa ne shi da matarsa. Ba tono, ba yawo. Ya yi ƙiba har maƙogwaro yana lilo.

Sharaɗi ɗaya ne. Ranar da aka ba shi aikin Ɓauna ta ce, "Burtu, ranmu yana bakinka. Ranar da ka ce mu sha, muka sunkuya, aka taɓa ko jelar ɗayanmu, to ka bar tafkin nan kai da iyalinka. Ka je ka tono abincinka kamar kowane tsuntsu."

Shekara bakwai ba a taɓa ko jela ba.

Wanda abin ya fi ci shi ne Korau, maharbin ƙauyen da ke gefen dawa. Duk sanɗar da ya yi, Burtu ya hango shi ya ce, "Mutum!" Sai ƙura. Korau ya manta ɗanɗanon nama, har karensa ya koma gidan mahauci da zama.

Ana nan, ran nan sai Gauraka ya sauka shan ruwa, yana juya tukkun nan nasa mai ruwan zinariya. Ya dubi Burtu sama da ƙasa.

Ya ce, "Sannu da aiki, mai gadi. Ashe kai ne ake ta faɗi? Na ɗauka wani babba ne. Babba da goshi fayau kamar bayan ludayi? Zakara da ke kwana a akurki yana da abin ɗorawa. Zabuwa ma, da rashin hankalinta, tana da ɗan ƙahonta. Kai ko gammo babu."

Dabbobi suka kwashe da dariya. Gada, 'yar ƙaramar nan mai bakin tsiya, ta yi dariya har ruwa ya shaƙe ta.

Ranar Burtu bai ci ko fara ɗaya ba. Ya tsaya bakin ruwa yana kallon goshinsa. Ya juya dama, ludayi. Ya juya hagu, ludayi.

Ashe Korau yana kwance a bayan geza, ya ji komai.

Washegari Burtu yana zagayen duba dawa, sai ya hango mutum zaune a gindin gawo. Har ya buɗe baki zai yi ihu, sai ya ga ba baka, ba kwari. Gizago ne a gabansa, da wuƙa, da baƙar fata, da ƙwarya cike da jajayen 'ya'yan idon zakara. Mutumin yana ta shela.

"Adon goshi! Adon goshi na manya! Ga ragowar kayan da na yi wa Gauraka nasa!"

Burtu ya rufe bakinsa. Ya matso taku ɗaya, ya matso taku biyu.

Ya ce, "Kai, ba kai ne Korau maharbi ba?"

"Da ke nan, ranka ya daɗe. Ai ka kashe mini sana'a. Shekara bakwai ina rarrafe, gwiwa ta yi kanta, ko ɓera ban kai gida ba. Na rataye baka. Yanzu ado nake yi."

"Kai ka yi na Gauraka?"

"Wannan tsintsiyar? Ranar sauri nake yi. Da guntun ciyawa na haɗa masa."

Burtu ya ji wani sanyi har cikin fukafukinsa. Ya ce, "In ka yi mini, me za ka karɓa?"

"Haba, ranka ya daɗe! A gan shi a goshinka a ce Korau ne ya yi, ai ya ishe ni. Sai dai ni ba na aiki da ka. Sai da awo. Awo uku, kwana uku."

"To auna."

Korau ya ɗauko kara ya shimfiɗa a kan bakin Burtu, tun daga tushe har tsini, ya karya daidai tsawon.

Burtu ya ce, "Adon goshi fa na ce. Me ya kawo baki?"

"In ban san nauyin gaba ba, adon zai rinjaye ka, ka riƙa faɗuwa da fuska a gaban mutane."

"Allah ya kiyaye. Auna da kyau."

Ya koma gida ya ba matarsa labari. Ta ce, "Maigida, ado a goshi, awo a baki?"

"Ke me kika sani? Haka ake yi a birni. Kin taɓa zuwa birni?"

"Kai ka taɓa zuwa?"

"Na hango shi."

Rana ta biyu Korau ya ɗauko igiyar rama ya auna wuya. Ya auna tsawo, ya auna kauri, ya kara baƙar fata a jikin gashin ya ga ko launin ya zo ɗaya.

"Yau kuma wuya?"

"Ranka ya daɗe, wuya ke ɗauke da kai, kai ke ɗauke da goshi. In na tsallake wuya na yi aikin banza."

Burtu ya hangi wani itace a gefe, an sassaƙe shi ya lanƙwasa. Ya ce, "Wancan fa?"

"Ƙotar fartanya ce, wani manomi ya kawo aiki."

"Ƙota mai baki?"

"Sabon yayi ne."

Burtu ya ce, "Duniya tana ci gaba."

Da ya je gida matar ta ce, "Gobe kuma sai ya auna maka jela."

Ya ce, "Baƙin ciki kike yi."

Rana ta uku Korau ya ce, "Yau sauran tafiya. Ado na ƙwarai rawa yake yi daidai da takun mai shi. Taka in gani."

Burtu ya buɗe ƙirji ya fara taku, tinƙis, tinƙis. Ya waiga, sai ya ga Korau a bayansa yana rarrafe.

"Me ya kai ka ƙasa?"

"Girmamawa ce. Ba na iya tsayuwa a bayan manya. Ranka ya daɗe, in ka ga fara, haka kake yi da kai?"

Korau ya gyaɗa kai kamar jaki mai korar ƙuda.

Burtu ya fusata. "A'a! A'a! Kai Korau, kanka dutse ne? Ka sunkuyar. Ka ɗan karkace. Ka caka. Ka ɗago a hankali, ka dubi gefe kamar ba ruwanka. Sake!"

Ku ji fa! Shi da bakinsa! Tun hantsi har rana ta take tsaka yana koya wa maharbi tafiyar burtu, yana yi masa tsawa in ya kuskure. Wawa irin wannan, ko a kasuwa aka kasa shi ba mai tayawa.

Da Korau ya iya tsaf, sai ya sa hannu a burgami ya ciro wani guntun ƙaho. Tsohon ƙahon wanzami ne, ya yi baƙi don tsufa. Ya shafe gindinsa da ƙaro da danƙo, ya manna a goshin Burtu ɗaram.

Burtu ya ce, "Shi ke nan? Ina jajayen 'ya'yan?"

"Wannan na ƙananan mutane ne. Manya ba sa son hayaniya a goshi."

Matarsa ta gan shi tafe. Ta dube shi, ta dubi sama, ta ce, "Allah ya sa iyakar abin ke nan."

Da safe ya isa tafki yana taku ɗai-ɗai, yana juya kai don kowa ya gani. Sai Gada ta matso da fuskar tausayi.

"Sannu, Baba Burtu. Ciwon kai ne? Ai wanzamin ya tafi ya manta bai cire ba."

"Ado ne, 'yar nema! A birni shi ake yayi!"

"To, Allah ya ƙara sauƙi."

Dariya ta fi ta ranar Gauraka. Burtu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yana cikin haka, sai ya hango wani abu can nesa, gefen geza. Wani burtu ne, baƙi, yana taku a hankali. An jera masa jajayen 'ya'ya a wuya. A goshinsa kuwa ga ƙaho, irin na Burtu sak.

Ku kun san ko wane ne, ni ma na sani. Korau ne ya ɗaura ƙotar nan mai baki a goshinsa da tsirkiyar fata, ya lulluɓa da baƙin zane, yana rarrafe.

Burtu ya daka tsalle. "Ku duba! Ku duba can! Ban gaya muku ba? Ga wani mai irinsa! Wa ya ce ƙahon wanzami ne?"

Gada ta ce, "Baƙon nan bai yi sallama ba."

"Mutanen birni ba su da yawan magana."

Ya kumbura maƙogwaro ya yi kira, aka sha ruwa lafiya. Baƙo ya juya ya tafi.

Rana ta biyu baƙo ya matso har rabin fili. Gada ta ɗaga hanci.

Ta ce, "Tun jiya yake cakar ƙasa, ban ga ya haɗiye ko fara ɗaya ba. Kuma warin daddawa yake yi."

Burtu ya ce, "Manya ba sa ci a gaban jama'a. Abin da kike ji kuma turare ne, hancinki ne bai waye ba."

Ɓauna ta ce, "Burtu, ka san shi?"

"Na san shi? Inna, ɗan wan babana ne! Dubi bakin. Dubi wuyan. Dubi takun! Wa ke da irin wannan taku in ba gidanmu ba?"

Matarsa ta ce, "Shekara ashirin ina gidanku, ban taɓa jin babanka yana da wa ba."

"Ke, rufe mana baki, ana maganar dangi."

Ya yi kira, aka sha ruwa lafiya. Baƙo ya juya ya tafi.

Rana ta uku baƙo ya matso har inda in ya yi tari za a ji. Gada ta zagaya ta bayansa daga nesa, ta dawo da gudu.

"Inna Ɓauna, ni dai ƙarama ce, amma ban taɓa ganin tsuntsu mai diddige ba. Har da faso!"

Ɓauna ta juyo. "Burtu, je ka duba ɗan'uwan nan naka da kyau. Ka san abin da ke tsakaninmu."

Burtu ya tafi yana mita. Ya isa kusa. Na gaya muku ido gare shi. Ya ga tsirkiyar fata. Ya ga idon baƙo ba ya ƙiftawa. Ya ga diddige da faso. Ya ga tsinin baka ya leƙo ta ƙarƙashin zane.

Sai wata murya ta fito daga cikin zanen, ƙasa-ƙasa. "Barka da hantsi, ranka ya daɗe. Takun ya yi?"

"Korau! Ka ce ka rataye baka!"

"Na rataye shi mana, a kafaɗa. Kada ka damu, kallo kawai na zo yi, in ga yadda adon ya zauna. Amma in ka yi ihu, sai in miƙe in gaya musu wanda ya koya mini tafiya. In kuma gaya wa 'yar ƙaramar can sunan wanzamin."

Burtu ya waiga. Ga dabbobi sun zuba masa ido. Ga Gada ta karkace kai, dariya tana jira a bakinta. Kalma ɗaya ce ta rage masa, ya ce "Mutum!" kowa ya tsira. Amma in ya faɗa, ɗan wan babansa ya zama itace, adonsa ya zama ƙahon wanzami, a gaban kowa.

Ya ce a ransa, "Ai ya ce kallo ya zo yi. Bari su sha na yau. Gobe na san dabara."

Ya dawo. Ɓauna ta ce, "Yaya?"

"Yana gaishe ku."

"Faso fa?" in ji Gada.

"Tafiya ce ta yi masa yawa."

Ya kumbura maƙogwaro, muryar ta fito siririya kamar ta sauro. Ku amsa.

"Gudum, gudum, na duba gabas."

"Mu sha?"

"Gudum, gudum, na duba yamma."

"Mu sha?"

"Ku sha ku ƙoshi, dawa lafiya."

Kowa ya sunkuya, ban da Gada.

Fau! Barewa ta faɗi. Fau! Kibiya ta biyu ta sami Ɓauna a ɗuwawu, ta kafe cak. Ɓauna ta yi wata ƙara da ba a taɓa jin shugaba ya yi ba. Dawa ta hargitse. Gwanki ya bi ta kan Gadu, Gadu ya bi ta cikin tafki, kowa ya kama gabansa.

Korau ya miƙe tsaye, kan burtu yana lilo a goshinsa. Ya saɓa Barewa a kafaɗa, ya dubi Burtu.

"Na gode, ranka ya daɗe. In adon ya kwance, ka san wurin."

Da la'asar aka taru a gindin tsamiya. Ɓauna a tsaye ta yi shari'ar, don zama ya gagara. Gada ce ta zare mata kibiyar da haƙori, ta ce, "Inna, ki gode Allah fatarki ta yi kauri, kuma mutumin ya daɗe bai yi harbi ba, dafinsa ya tsufa."

Ɓauna ta ce, "A kira mini mai dangi a birni."

Burtu ya zo yana jan ƙafa. "Inna, yaudarata aka yi. Awo ya ce zai yi."

"Ban tambaye ka awo ba. Yaudara kowa ana yi masa. Da na aike ka ka duba, ka gani ko ba ka gani ba?"

Burtu ya dubi ƙasa.

"Ka gani ko ba ka gani ba?"

Burtu ya dubi tsamiya.

Matarsa ta ce, "Ya gani, Inna. Idonsa lafiya lau. Dariyar Gada ya ji tsoro."

Ɓauna ta ce, "Ka ji tsoron dariya, ka ba da Barewa. To ka bar tafkin nan. Daga yau ko farar da ta mutu da kanta a bakin ruwan nan ta haramta gare ka."

Burtu ya fashe da kuka. "Na ji, na tafi. Amma don Allah a cire mini abin nan tukuna."

Ya goga a dutse, ƙaho bai motsa ba. Matarsa ta kama da baki ta ja, ta ja, har ta faɗi da baya, ƙaho bai motsa ba. Ɓauna ta ce, "Kawo in taimake ka, da ma ƙafata tana ƙaiƙayi." Ta juya ta sakar masa kofato, gau! Burtu ya yi alkafura uku. Ya tashi ya shafa. Gaban ƙahon ya fashe ya bar rami, gindin yana nan ɗaram.

Gada ta ce, "Yanzu ya fi kyau. Iska za ta riƙa shiga."

Haka suka kama hanya, shi a gaba yana gunaguni, matar a baya tana amsa masa da abin da ya fi gunagunin zafi. Shi ya sa har yau in kun ga burtu, a fako za ku gan shi shi da matarsa, suna tonon abincinsu da kansu. Ku dubi goshinsa, za ku ga guntun ƙaho mai fasasshen gaba. 'Ya'yansa ma da shi suke girma.

Korau kuwa da ya shiga gari da nama a kafaɗa, maharba suka kewaye shi. Suna taɓa abin goshinsa, suna ƙirga jajayen 'ya'yan.

Sarkin baka ya ce, "Korau, wannan adon fa? Me ake ce da shi?"

Korau ya ce, "Burtu. Shi ya ba da baki, ya ba da wuya, ya ba da taku. Ba zan ci haƙƙinsa ba, a bar masa sunan."

Daga nan kowane maharbi ya sassaƙa nasa. Abin nan da tsofaffin maharba suke ɗaurawa a goshi, na itace da baƙar fata da idon zakara, su lulluɓa su yi rarrafe cikin namun daji, shi ya sa ake kiran sa burtu. Za ku ce, to me ya sa dabbobi ba su gane ba har yanzu? Gada ta gaya wa 'ya'yanta, shi ya sa ko ganye ya motsa sai ta arce. Sauran kuwa ba su da mai zaunar da su ya ba su labari kamar yadda nake fama da ku.

Saboda haka ku buɗe kunne. In aka sa ka gadi ka ga mugun abu, ka faɗa, ko da faɗin zai sa a yi maka dariya har shekara. Kuma duk wanda ya ce zai yi maka adon goshi kyauta, ka ga ya fara auna maka wuya, tashi ka ba shi wuri.

Ƙurunƙus kan tsohon ƙadangare! Wanda bai yarda ba, ya je dawa ya tambayi Ɓauna, amma ya tsaya ta gabanta.